Daga Aji Shida Zuwa Jami'a: Aikin Malamin Shawara a Makarantun Sakandare na Amurka da Abin da Ya Shafe Mu a Cikinsa



Shekaru kaɗan da suka wuce, a lokacin da muke tantance sababbin ɗalibai, wani yaro ya shigo ofishina riƙe da takardunsa a cikin leda. Da na duba sai na ga makin da ya samu a jarrabawar shiga jami'a ya fi na duk waɗanda suka zo gabana a wannan rana. Na tambaye shi abin da ya ja ra'ayinsa ga nazarin Hausa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, gaskiya ni aikin lauya na so in karanta." Ashe tun yana aji huɗu ba wanda ya taɓa gaya masa cewa jami'ar da yake buri ba ta ɗaukar mai son karatun shari'a sai yana da Adabin Turanci, shi kuwa bai taɓa zama ajin wannan darasi ba. Mai shagon kwamfutar da ya cika masa fom ma bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Yaron ya yi shekara guda a gida, a ta biyu ya karɓi abin da ya samu. Mu dai mun yi maraba da shi, ya kuma yi ƙoƙari ƙwarai a wurinmu, amma har yau idan na tuna da shi nakan ji ba daɗi, gama bai faɗi jarrabawa ko ɗaya ba. Abin da ya rasa shi ne mutum guda da zai zauna da shi na minti goma a lokacin da zaman yake da amfani.

A wasu ƙasashe wannan mutum yana da ofishi da albashi da horo na musamman. Zan kira shi malamin shawara, watau malamin da aka keɓe a makarantar sakandare domin ya yi wa ɗalibai jagora a kan zaɓen darussa da sana'a da neman shiga manyan makarantu. Na ɗauki Amurka a matsayin misali domin can ne aikin ya fi daɗewa da kafuwa, can ne kuma aka fi bin diddiginsa da bincike har aka gane abin da ke amfani a cikinsa da abin da yake ɓata lokaci ne kawai. Sa'an nan daga baya mu waiwayo gida.

Asalin aikin

Da maganar sana'a aka fara, maganar jami'a daga baya ta shigo. A farkon ƙarni na 20 biranen Amurka sun cika da baƙi 'yan ci-rani daga ƙasashen Turai, 'ya'yansu kuwa suna barin makaranta da wuri su faɗa duk masana'antar da ta buɗe musu ƙofa. A shekarar 1908 wani mutum mai suna Frank Parsons, wanda ya taɓa aikin injiniya da na lauya da na koyarwa, ya buɗe wani ɗan ofishi a birnin Boston domin ba irin waɗannan samari shawara. Bai cika shekara a kan aikin ba ya rasu, amma littafin da ya bari, wanda aka buga a 1909, ya zama tubalin fannin. Ra'ayinsa shi ne, lalle ne yaro ya san kansa, ya san sana'o'in da ake da su da abin da kowace take bukata, sa'an nan a taimake shi ya auna wannan da wancan da hankali. A daidai wannan zamani kuma wani shugaban makaranta a garin Grand Rapids na jihar Michigan, Jesse B. Davis, ya sa aka riƙa keɓe lokaci kowane mako a cikin darasin Turanci domin ɗalibai su yi rubutu a kan halayensu da abin da suke son zama. Ina ambaton wannan da ɗan alfahari, domin ya nuna cewa tun farko malamin harshe yana da hannu a cikin al'amarin.

Abin da ya mayar da aikin babba kuwa tsoro ne. Ran 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, ya shiga kewaya duniya. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ga abokan gabarsu sun sha gabansu a kimiyya. A 1958 majalisarsu ta zartar da dokar ilmi domin tsaron ƙasa, a cikinta aka ware kuɗi don horar da malaman shawara da gwada basirar yara, da niyyar a zaƙulo masu ƙwaƙwalwa a tura su jami'a su karanta kimiyya da lissafi. Daga nan yawan malaman shawara ya haɓaka cikin 'yan shekaru. Da aka shiga zamanin Shugaba Lyndon Johnson da yaƙinsa da talauci, sai hankali ya koma kan 'ya'yan matalauta da waɗanda ba a taɓa samun mai digiri a gidansu ba. Dokokin 1964 da 1965 su ne suka haifar da shirye-shiryen nan da ake kira Upward Bound da Talent Search, inda gwamnatin tarayya take ba jami'o'i da ƙungiyoyi kuɗi su bi irin waɗannan yara tun suna sakandare.

Yadda ake neman jami'a a can

Ba za a gane nauyin da ke kan malamin shawara ba sai an san yadda ake neman gurbi a Amurka, domin ya sha bamban da namu. Ba su da hukuma guda kamar JAMB wadda kowa zai bi ta hannunta. Manyan makarantun da ke ba da digiri sun kusa 4,000, kowace kuma ita ke yanke wanda za ta ɗauka bisa ga ƙa'idarta. Ɗalibi yana iya neman biyar ko goma ko fiye, gwargwadon ƙarfinsa da aljihun ubansa, gama da yawa daga cikin takardun nema da kuɗinsu. A 1975 makarantu 15 suka haɗu suka fito da fom guda wanda dukansu za su karɓa, mai suna Common Application, kuma a yanzu masu karɓarsa sun haura 1,000. Wannan ya rage wahalar rubutu, amma bai rage yawan abubuwan da ake nema ba.

Ana son sakamakon ɗalibi na dukan shekaru huɗu na babbar sakandare, watau daga aji 9 zuwa aji 12 a lissafinsu. Ana son makin ɗaya daga cikin jarrabawa biyu, SAT wadda ƙololuwarta 1,600 ce ko ACT wadda ƙololuwarta 36 ce, ko da yake tun annobar korona ta 2020 makarantu da yawa sun bar wa ɗalibi zaɓi ya aika ko kada ya aika, wasu manya kuma irin su MIT da Harvard sun sake wajabta ta daga baya. Ana son jerin abubuwan da yaro yake yi bayan an tashi daga aji, kamar wasanni ko aikin taimakon jama'a ko ƙwadagon da yake yi don tallafa wa gida. Ana son wasiƙun shaida daga malamansa. Kana ana son insha'i wanda bai wuce kalmomi 650 ba, inda yaro zai ba da labarin kansa.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan insha'i, tun da yake rubutu sana'ata ce. A lokacin da nake karatu a ƙasar waje na ga yadda ɗalibanmu suke fama da irinsa. Yaron da aka rena da kunya, aka koya masa cewa yabon kai jahilci ne, shi ne ake ce wa ya zauna ya bayyana wa baƙin da bai taɓa gani ba abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa. Ba mu kaɗai wannan ke damu ba. Ɗan talaka a Amurka, wanda yake renon ƙannensa kullum da yamma saboda uwarsa tana wurin aiki, bai ɗauki wannan a matsayin abin faɗa ba, har ma yakan ɓoye shi. Malamin shawara ne zai gaya masa cewa abin da yake ɓoyewa shi ne abin da masu ɗaukar ɗalibai suke son ji, domin ya fi lambar wasan ninƙaya nuna ɗaukar nauyi. Bai halatta malamin ya rubuta masa ba. Aikinsa ya yi ta tambaya har yaron ya gano abin da zai rubuta.

Shi kansa malamin shawara yana da takardu biyu da zai aika. Ɗaya ita ce wasiƙarsa game da ɗalibin. Ɗayar kuwa bayani ne game da makarantar: yawan ɗalibanta, irin darussan da ake koyarwa, yadda ake ba da maki, da halin unguwar da take ciki. Wannan takarda ta biyu tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ita ce za ta sa jami'a ta gane cewa yaro bai ɗauki babban darasin lissafi ba ne don ba a koyar da shi a makarantarsu, ba don ragwanci ba. Har ila yau malamin ne yake tabbatar da cewa iyayen yaro ba su da hali, a yafe masa kuɗin jarrabawa da na fom.

Duk wannan yana tafiya ne bisa ga kalanda mai tsauri. Tun a aji 11 ake zama da ɗalibi a fara tsara jerin makarantu, a kasa su kashi uku: na dogon buri, waɗanda samunsu sai an yi sa'a, na daidai wa daida, da na tudun mun tsira, waɗanda kusan tabbas za su ɗauke shi. Masu neman a yanke musu hukunci da wuri suna miƙa takardu a farkon Nuwamba, kuma a wani nau'in wannan tsari yaro da mahaifinsa da malamin shawara duk sai sun sa hannu cewa idan aka ɗauke shi ba zai tafi wani wuri ba. Saura suna miƙawa a wajejen farkon Janairu. Amsa tana fitowa zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ran 1 ga Mayu kuma yaro ya faɗi inda ya zaɓa ya biya kafin alƙalami. Wanda ya makara da kwana ɗaya ya makara da shekara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ran tafiya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kowace rikitarwa. Wasu jami'o'i masu zaman kansu kuɗin shekararsu, da abinci da wurin kwana, ya wuce dala 80,000. Uban da yake tuƙin mota ko aikin gadi idan ya ji wannan adadi sai ya rufe maganar. Alhali kuwa jami'o'in da suka fi tsada a takarda su ne sau da yawa suka fi araha ga ɗan talaka, saboda dukiyar waƙafin da suka tara. A 2025 Harvard ta ba da sanarwar cewa ɗalibin da abin da iyayensa suke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba ba zai biya kome ba. Gwamnatin tarayya ma tana da tallafin da ake kira Pell, wanda ba bashi ba ne, kuma a shekarar karatu ta 2024/2025 mafi yawansa dala 7,395 ne. Amma ba a samun ko sisi daga cikinsa sai an cika wani fom mai suna FAFSA, wanda ke tambayar abin da iyaye suke samu da harajin da suka biya. Wannan fom ya daɗe yana da tambayoyi fiye da 100 kafin a taƙaita shi a 'yan shekarun nan.

Malami ɗaya, ɗalibai 385

Kada a ɗauka cewa kowane yaro a Amurka yana samun wannan kulawa. Ƙungiyar malaman shawara ta ƙasar ta daɗe tana cewa bai kamata malami ɗaya ya riƙe ɗalibai fiye da 250 ba. A shekarar karatu ta 2022/2023 matsakaicin adadin a ƙasar 385 ne, a jihar Arizona kuwa ya haura 600. Bugu da ƙari, neman jami'a ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan malamin. Shi ke tsara jadawalin darussa, shi ke kula da jarrabawa, shi ake kai wa yaron da ya yi faɗa ko wanda gidansu ya rikice ko wanda damuwa ta yi wa yawa. Binciken da ƙungiyar masu ba da shawarar shiga jami'a take yi ya nuna cewa a makarantun gwamnati kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lokacin malamin ne ke tafiya a kan maganar jami'a. Makarantun kuɗi kuwa da yawa suna da malamin da ba shi da wani aiki sai wannan. Ke nan yaron da iyayensa suka yi jami'a, suka san hanya, shi ne yake samun jagora mafi yawa, wanda kuwa ba shi da kowa a gida shi ne yake layi a ƙofar ofis.

Masu hali ba su ma tsaya nan ba, sukan ɗauki mai shawara na kansu su biya shi dubban daloli. Yawancin masu wannan sana'a aikin halal suke yi, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Maris na 2019 aka gurfanar da mutane kimanin 50, har da attajirai da 'yan wasan kwaikwayo, bisa zargin haɗa baki da wani mai shawara, Rick Singer, wanda ya karɓi kimanin dala miliyan 25 yana sayen masu sa ido a jarrabawa da masu horar da 'yan wasa domin a shigar da 'ya'yan masu kuɗi manyan jami'o'i. A 2023 aka yanke masa ɗaurin shekara uku da rabi.

Abin da bincike ya nuna

A nan ne nake roƙon ma'aikatan gwamnati da ke zauren nan su ba ni hankalinsu, domin wannan ɓangare ya shafi yadda ake kashe kuɗin jama'a.

A 2012 wasu masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby da Christopher Avery, suka bi sawun ɗaliban da suka fito cikin kashi 10 na sama a jarrabawar SAT ko ACT amma iyayensu matalauta ne. Sun ƙiyasta cewa akwai irinsu tsakanin 25,000 da 35,000 a kowace shekara. Abin mamakin da suka gano shi ne, mafi yawansu ba su ko nemi shiga wata babbar jami'a ba, ko da yake 'yan kaɗan ɗin da suka nema ana ɗaukarsu, suna kuma gamawa kamar yadda 'ya'yan masu kuɗi suke gamawa. Yawancin waɗannan yara a warwatse suke a ƙananan garuruwa, ɗaya a nan ɗaya a can, inda babu malami ko tsohon ɗalibin da ya taɓa bin wannan hanya balle ya nuna musu. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

To, idan rashin sani ne cutar, ai sai a ce maganinta sanarwa. Hoxby da wata abokiyar aikinta, Sarah Turner, sun gwada aika wa irin waɗannan yara ambulan ɗauke da bayanin makarantun da suka dace da su, da ainihin abin da za su biya, da takardar yafe kuɗin fom. Abin bai ci fiye da kimanin dala 6 a kan kowane yaro ba, kuma ya ƙara yawan masu nema da waɗanda aka ɗauka. Aka yi murna ƙwarai. Amma da hukumar da ke shirya SAT ta faɗaɗa irin wannan shiri ga dubban ɗaruruwan ɗalibai, sai aka tarar bai canza inda suka shiga ba wani abin a zo a gani.

Gwajin da ya fi burge ni an yi shi ne a 2008 a jihohin Ohio da North Carolina, aka buga sakamakonsa a 2012. Masu binciken, Eric Bettinger da abokansa, sun haɗa kai da kamfanin H&R Block, wanda ke taimaka wa mutane cika takardun haraji. Iyaye masu ƙaramin ƙarfi da suka zo ofishin kamfanin aka kasa su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko ba a lissafa musu tallafin karatu ba, ba a kuma cika musu fom ba. Kashi na biyu aka lissafa musu tallafin da 'ya'yansu za su iya samu, aka ba su a rubuce su tafi da shi. Kashi na uku kuwa, ban da wannan bayani, ma'aikacin ya zauna da su ya cika musu fom ɗin FAFSA nan take, abin da bai ɗauki fiye da kimanin minti goma ba tun da yawancin amsoshin suna cikin takardar harajin da ke gabansa. Bayan shekara uku aka duba. A cikin 'yan ajin ƙarshe da aka cika wa fom, waɗanda suka kammala shekara biyu a babbar makaranta sun kai kashi 36 cikin 100, alhali a cikin waɗanda ba a taimaka wa ba kashi 28 ne. Kashi na biyu fa, waɗanda aka ba bayani kawai? Ba su bambanta da kashi na farko ba.

Ni a ganina wannan ya isa ya sa duk mai shirin buga ƙasidu ko tara yara ɗari biyar a zaure guda a yi musu jawabin rana ɗaya ya sake tunani. Jawabi yana da daɗin shiryawa, ana ɗaukar hotonsa, ana rubuta shi a rahoton shekara. Amma uban da ke tsoron fom ba zai daina tsoronsa don an ba shi wata takarda ta biyu ba.

Akwai kuma wani abu da Benjamin Castleman da Lindsay Page suka jawo hankali a kansa, wanda suka kwatanta da narkewar ƙanƙara a lokacin zafi. Yara ne da aka riga aka ɗauka, suka karɓa, aka yi musu barka, amma da aka buɗe jami'a ba a gan su ba. Sun tarar cewa tsakanin kashi 10 da kashi 40 cikin 100 ne suke ɓacewa haka, gwargwadon talaucin yankin. Dalili kuwa shi ne a watannin hutun nan yaro ya bar hannun sakandare bai kuma shiga hannun jami'a ba, ga takardun wurin kwana da na lafiya da na cikon kuɗi suna ta zuwa, babu wanda zai tambaya. Da aka biya malaman shawara su yi aikin sa'o'i biyu ko uku da kowane yaro a cikin hutun, sai yawan masu isa ya ƙaru, musamman a cikin 'ya'yan matalauta.

Ingancin malamin ma yana da tasiri. A jihar Massachusetts makarantu da yawa suna raba wa malaman shawara ɗalibai ne bisa ga harafin farko na sunan iyalinsu, wanda kusan daidai yake da ƙuri'a. Christine Mulhern ta yi amfani da wannan ta nuna cewa yaron da ya faɗa hannun ƙwararren malami ya fi yiwuwa ya gama sakandare ya kuma shiga jami'a, kuma bambancin ya fi fitowa a wajen marasa hali da masu raunin karatu.

To, mu fa?

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Nijeriya. Masu tarihin fannin sukan fara lissafi daga 1959, lokacin da 'yan'uwa mata na cocin Katolika da ke kula da kwalejin St. Theresa a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukan da za su iya nema. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 kuma ta amince da bukatar a sa irin waɗannan malamai a makarantun gaba da firamare. A takarda dai ba mu da gibi. Amma a makarantu da dama da na shiga, ko dai babu malamin, ko kuwa akwai shi amma an cika masa jadawali da darussa kamar kowa, ofishinsa kuma ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Tsarinmu ya fi na Amurka sauƙi. Tun da aka kafa JAMB a 1978 ƙofa ɗaya ake bi, babu insha'i, babu wasiƙar shaida. Sai dai sauƙin nan yana da nasa haɗari, domin inda kwamfuta ce ke tacewa babu wanda zai karanta uzurinka. Ɗalibi yana rubuta darussa huɗu, Turanci dole, jimlar maki 400, kuma sauran ukun lalle ne su dace da fannin da yake nema: mai son likita Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniya Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Ana kuma son kiredit biyar a darussan da suka dace a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu. Wannan yana nufin cewa hukuncin da zai buɗe wa yaro ƙofa ko ya rufe masa ita an yanke shi ne tun ranar da aka raba 'yan aji huɗu zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar. Malamin shawarar da ya jira sai aji shida ya riga ya makara.

Sauran ramukan ƙanana ne, amma suna karya ƙafa. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa, NIN, kuma idan sunan da ke kanta ko ranar haihuwa ya saɓa wa na takardar sakandare, wahala ta samu. Akwai yaron da ya yi rajista da layin wayar wani, duk saƙon da hukuma ta aiko sai ya tafi can. Akwai wanda bai san cewa jami'o'in tarayya sun daɗe suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmi ba, saboda haka ya zaɓi inda ba shi da rabo ya bar inda yake da shi. Akwai wanda bai ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin hukumar ba. Tun 2017 kuma, da aka shigo da tsarin CAPS, ko an ba yaro gurbi sai ya shiga da kansa ya karɓa cikin wa'adi. Ga namu irin narkewar ke nan, kuma ta fi cin 'yan mata, gama yarinyar da aka ɗauka a jami'ar da ke wani gari ba za ta tafi ba sai an samu wanda mahaifinta yake jin nauyinsa ya je ya zauna da shi ya yi masa bayanin wurin kwana da tsaro da abin da za a kashe. Asusun ba ɗalibai bashin karatu, NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a 2024, shi ma fom ne a intanet, kuma abin da aka gani a Ohio ya isa ya nuna mana wanda zai cika shi da wanda ba zai cika ba idan aka bar kowa da kansa.

Na san za a ce babu kuɗin ɗaukar ƙwararru ga kowace makaranta, kuma gaskiya ne. Amurkawa ma sun ci karo da wannan. A 2005 aka fara wani shiri a Jami'ar Virginia, wanda daga baya ya zama College Advising Corps, inda ake horar da matasan da suka gama digiri a tura su makarantun marasa galihu su yi har shekara biyu ba su da aiki sai taimaka wa 'yan ajin ƙarshe neman gurbi da tallafi. Mu kuwa tun 1973 muke da masu yi wa ƙasa hidima, kuma da yawansu makarantu ake tura su. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bi wannan hanya da ƙafarsa 'yan shekaru kaɗan da suka wuce. Da Ma'aikatar Ilmi ta jiha za ta keɓe ɗaya a kowace sakandare, ta ba shi horon mako biyu a kan littafin ƙa'idojin JAMB, ta haɗa shi da wani tsayayyen malami wanda aka rage wa darussa domin aikin kada ya tafi da tafiyar mai hidima, da an toshe yawancin ramukan da na lissafa.

Abu na ƙarshe da zan roƙa bai fi kuɗin babban littafin rajista guda ba. Kowace makaranta ta buɗe shi, a rubuta sunan kowane ɗan aji huɗu da abin da yake son zama da darussan da hakan yake bukata, uba ko waliyyi ya sa hannu. Idan ya kai aji shida a ƙara lambar rajistarsa, da layin wayar da ya yi amfani da shi, da makarantun da ya zaɓa, da makin da ya samu. Kada a ja layi a ƙarƙashin sunansa sai malamin ya tabbatar da cewa ya isa makarantar da aka ɗauke shi ya yi rajista, in kuwa bai isa ba a rubuta dalili. Sufeton da ya zo duba makaranta ya nemi wannan littafi kamar yadda yake neman rajistar kiran suna.